Ɗango Hamsin, Babu Kalmar So

Kusan duk waƙoƙin Emily Dickinson ba su da suna, shi ya sa masana ke kiran su da lamba. Wadda ke gabanmu ita ce ta 640 a tarin da Thomas Johnson ya fitar a 1955, ta 706 a na Ralph Franklin na 1998. Baiti 12 gare ta, ɗango 50, tana kuma cikin mafi tsawo da matar ta rubuta, ita da ta saba gama maganarta a ɗango takwas ko goma sha biyu. Waƙar soyayya ce, tsoro kuma ya cika ta daga sama har ƙasa. Amma ka bi ta kalma bayan kalma, ba za ka ci karo da kalmar so ba, ba kuwa za ka ga ta tsoro ba. Mai magana ba ta ce gabanta na faɗuwa ba, ba ta ce barci ya ƙaurace wa idonta ba. Zama ta yi, ta gyara murya, ta jera wa wanda take so dalilan da suka sa ba za su iya kasancewa tare ba. Duk da haka, kafin mai karatu ya kai ƙarshe ya riga ya tabbata matar nan a firgice take. Labarin zuciya, aka ce, a tambayi fuska. A waƙa kuwa fuskar ita ce kari da amsa-amo da wuraren da numfashi ke yankewa, a nan ne kuma Dickinson ta yi aikin da ya sa har yau ake komawa kanta.

An haife ta a 1830 a Amherst, wani ƙaramin gari a jihar Massachusetts ta Amurka, ta rasu a 1886 a gidan da aka haife ta. Waƙoƙinta kusan 1,800 ne, amma wajen goma kawai aka buga tana raye, su ma ba da sunanta ba. Da yawa daga cikin sauran kwafe su take yi a takardar wasiƙa, ta huda gefen, ta ɗinke da zare. Bayan rasuwarta ƙanwarta Lavinia ta tarar da irin waɗannan 'yan littattafai 40. Waƙarmu ta fito ne daga tsakanin 1862 da 1863, lokacin da take rubuta fiye da 200 a shekara.

A watan Afrilun 1862 ta fara rubuta wa Thomas Wentworth Higginson wasiƙa, bayan ta karanta shawarar da ya ba sababbin marubuta a mujallar Atlantic Monthly. A wasiƙarta ta biyu ta gaya masa cewa tun watan Satumba wata fargaba ta kama ta wadda ba ta iya faɗa wa kowa ba, shi ya sa take waƙa, irin yadda yaro ke yi idan zai wuce maƙabarta. Wanda ya taɓa jin yaro a wannan hali ya san ba waƙar tsoro yake rerawa ba. Kowace waƙa ta zo bakinsa ita zai kama, ya ma ɗaga murya don a ɗauka shi jarumi ne. Abin da ke tona masa asiri shi ne saurin da yake yi da yadda muryar ke sarƙewa. Da wannan kunne ya kamata a saurari waƙa ta 640.

Mu fara da muryar jarumtar. Dickinson 'yar gidan lauyoyi ce: kakanta lauya, mahaifinta Edward lauya har ya je majalisar dokokin Amurka, wanta Austin lauya. Waƙar kuwa an gina ta ne kamar jawabin lauya a gaban alƙali. Baitoci uku na farko sun kawo hujjar cewa zaman duniya tare ba zai yiwu ba. Biyu na gaba suka ce mutuwa tare ma ba za ta yiwu ba. Daga nan aka wuce tashin ƙiyama, aka wuce hisabi, aka duba in shi ya halaka, aka duba in ita ta halaka, kowace ƙofa aka buɗe sai a rufe ta. Baitin ƙarshe ya fara da kalmar da ake yanke hukunci da ita, irin tamu ta "saboda haka". Mawaƙan Ingila suna da tsohuwar al'ada ta waƙar gayyata, inda saurayi ke kiran budurwa ta zo su zauna tare yana lissafa mata daɗin da za ta sha. Wadda ta fi shahara ita ce ta Christopher Marlowe da aka buga a 1599. Dickinson ta ɗauki wannan al'ada ta juya mata baya. Ita ma lissafi take yi, amma na hanyoyin da ta toshe.

Sai dai ka tsaya ka auna hujjojin, za ka ga ba su da ƙafa. Dalilinta na farko na ƙin zama da shi shi ne wai zaman zai kasance rayuwa ce ta gaske. Wannan ai dalilin amincewa ne. Ba ta zarge shi da yaudara ba, ba ta ce iyaye sun hana ba, ba ta kawo talauci ko nisa ba. Abin da take gudu shi ne abin ya yi daɗi fiye da yadda za ta iya ɗauka. Mai tsoron a yaudare shi hujja ɗaya ta ishe shi. Wanda ya bi masoyinsa har lahira yana toshe hanyoyin da ba a ma zo kansu ba, shi ya san in aka bar ƙofa ɗaya a buɗe to ta nan zai shiga da gudu. Yawan hujjar ne ke nuna ƙarfin abin da ake kare kai daga gare shi.

A baitocin farkon nan akwai hoton da ya fi kowane zama a rai. Ta kamanta rayuwar da suka rasa da kofin tangaran da mai kula da coci ya kulle a ma'aji ya riƙe makulli, kofin da uwargida ta daina yayi don ya tsufa ko ya tsage, hankalinta ya koma kan sabon tangaran na Sèvres, garin da ke kusa da Paris wanda ya yi suna da wannan sana'a. Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ya san kayan jeren da ke cikin kabad ɗin ɗakin amarya, waɗanda ake gogewa kullum amma ba a taɓa zuba musu miya ba, har su tsufa a bayan gilashi. Abin da ya kamata a ƙara sani shi ne, a cocin wancan zamani mai riƙe da makullin shi ne kuma mai haƙa kabari. Ga kuma dabarar tsari: jimlar da ke ɗauke da hoton kofin ba ta tsaya a ƙarshen baitin farko ba. Ta yi sabi-zarce ta faɗa na biyu, ta zarce na uku. Matar da ta fara magana a tsanake, jimla ɗaya ta ƙwace mata ta ja ta har baiti uku kafin ta iya tsayar da ita.

Yanzu kari. Karin Turanci ba irin namu ba ne na doguwar gaɓa da gajera, nasu na danna wata gaɓa ne a sassauta wata, amma ƙidayar gaɓoɓi kaɗai ta ishe mu a nan. Dickinson ta tashi da waƙoƙin coci a kunnenta, irin na Isaac Watts, waɗanda yawanci kan zo gaɓa takwas, shida, takwas, shida. Mafi yawan waƙoƙinta a kan wannan awo suke. A waƙa ta 640 sai ta rage mudu: baitin farko shida ne, huɗu, shida, huɗu. Na uku bakwai, uku, bakwai, uku. Haɗa kowane biyu ka ga abin da zai fito: goma. Ɗango mai gaɓa goma shi ne babban karin waƙar Turanci, shi Shakespeare ya yi waƙoƙinsa na soyayya da shi, ɗango mai faɗi da ke ba mutum damar faɗin magana cikakkiya a numfashi ɗaya. Ita kuwa ta kama shi ta karya biyu, ba ma a tsakiya ba. Kunnen da ya saba da Turanci yana jin cikakken ɗangon a ɓoye, yana kuma jin an hana shi. Wanda ya karanta da baki zai ga numfashinsa ya koma gajere-gajere ko bai so ba. A baiti na takwas, inda aka zo maganar hisabi, awon ma ya watse gaba ɗaya: huɗu, bakwai, uku, uku.

Baitin nan na takwas ya cancanci a ɗan daɗe a kansa, don a nan rigar lauyan ta zame. Tana cikin faɗin cewa shi ya bauta wa Ubangiji, sai ta juyo ta tuna masa ai shi ma ya sani, sannan ta janye rabin yabon, ta ce ko dai ya yi ƙoƙarin hakan. Wannan ba maganar kotu ba ce. Muryar mutane biyu ce da suka san juna ciki da bai, har da ɗan tsokana. Daƙiƙa ɗaya ce tak, amma ta isa ta nuna mana irin sabon da ake ƙoƙarin binnewa a ƙarƙashin duk wannan shari'a.

Amsa-amo shi ne inda na fi sara mata. Mu da muka saba da rubutacciyar waƙar Hausa, inda mawaƙi kan riƙe gaɓa ɗaya a ƙarshen kowane baiti ko da baiti ɗari zai yi, kunnenmu ba ya yafe kuskure a nan. In an fara da "gida" muna jiran "fada" ko "gada". In mawaƙi ya kawo "gudu", sai mu ce ya yi tuntuɓe: baƙin ya dace, wasalin ya kauce. To irin wannan tuntuɓen Dickinson ta mayar sana'a, da gangan take yin sa. A baitin farko kalmar rayuwa da kalmar ma'ajin da aka kulle ta sautin ƙarshe kawai suka haɗa. A na uku kalmar fashewa da ta tsagewa haka. A na biyar, inda take tunanin tsayawa a kan gawarsa, kalmomin biyu da ƙyar ma za ka ce sun san juna. Cikin baitoci biyar da suka shafi rayuwa da mutuwa, ɗaya ne kawai amonsa ya cika. Kalmomi ne da aka kawo su gab da juna aka hana su taɓa juna, wato abin da ake yi wa mutanen biyu ke nan.

Abin mamakin yana gaba. Da zarar waƙar ta bar duniya ta shiga lahira, sai amsa-amon ya fara dacewa: baiti na shida, na bakwai, na goma, na goma sha ɗaya, duk cif-cif. Wato kalmomi sun fi yarda su haɗu a inda babu sauran hatsarin jiki da jini, inda masoyin ya zama abin tunani kawai. Can nesa tana iya sakin jiki. A kusa ne take ƙanƙamewa. Cikakken amo na ƙarshe kuwa, wanda ya rufe waƙar, tsakanin kalmar addu'a ne da kalmar yanke tsammani, abubuwa biyu da kowane mai imani ya san ba sa zama inuwa ɗaya. Ta sa kunne ya amince da auren da hankali ya ƙi.

Sai alamar da aka fi sanin ta da ita: wani ɗan kara a kwance, kamar karan ɗori amma ya ɗan fi shi tsawo, wanda take sakawa a inda wasu za su sa waƙafi ko aya, da ma inda ba wanda zai sa komai. A wannan waƙa aikinsa a fili yake. Sau uku ta haɗa wani aiki da kalmomin da ke nufin tare da shi. A karo na farko, na zaman duniya, babu komai a tsakaninsu. A na biyu da na uku, mutuwa da tashi, ta kafa kara tsakanin aikin da mutumin, sai ka tsallake shi kafin ka isa gare shi. A baitin ƙarshe akwai ɗangon da ya ajiye shi can ya ajiye ta nan, kuma kalmar da ke nufin ita kanta tana tsaye tsakanin karare biyu, an killace ta hagu da dama. Ido na ganin rabuwar a kan takarda tun kafin hankali ya fassara ta. Baitin ya kuma fi sauran tsawo da ɗango biyu, kamar mai sallama da ya kasa tafiya, ɗangonsa na ƙarshe kalma ɗaya ce, bayanta kuma ba aya, kara ne.

Akwai wani gefen tsoron da ba za a gane shi ba sai an san addinin garinsu. Amherst gari ne na Kiristoci masu bin koyarwar Calvin, masu tsananin imani da cewa an riga an rubuta wanda zai tsira da wanda zai halaka. Lokacin da Dickinson ke makarantar 'yan mata ta Mount Holyoke, 1847 zuwa 1848, shugabar makarantar Mary Lyon kan kasa ɗalibai uku: waɗanda suka ba da gaskiya, waɗanda ake sa musu rai, da waɗanda ba a sa musu rai. Dickinson a kashi na uku ta zauna, kuma har ta mutu ba ta shiga rajistar cocin ba. A waƙar tana rubuta wakilin sunan masoyin da babban baƙi, girmamawar da Kiristoci kan keɓe wa Ubangiji a rubutu. Ta kuma faɗi ƙarara cewa fuskarsa za ta rufe mata ganin Yesu a ranar tashi, kuma duk inda ba ya nan to wuta ce a wurinta. Wasu na karanta wannan a matsayin tsaurin ido. Ni ina ganin ikirarin laifi ne. Ta san sunan abin da take bayyanawa a addininta: ɗora wa ɗan Adam son da ba nasa ba ne. Mai karatu Musulmi ma ya san nauyin wannan. Mace ce da ta leƙa zuciyarta ta ga son ya kai inda zai iya cinye mata lahira, ta ja da baya. Baiti na bakwai, a ganina, shi ne mafi rauni a waƙar, don jimlarsa ta cukurkuɗe har sai an karanta sau biyu kafin a kamo bakin zaren. Masu kare ta kan ce ruɗewar mai magana ce ta fito a nahawu. Wataƙila, amma ba kowane cukurkuɗewa ne hikima ba, ko a wurin gwani.

Wane ne mutumin? An daɗe ana ja-in-ja. Saboda maganar bautar Ubangiji, da yawa sun nuna Charles Wadsworth, wani limamin coci mai aure a Philadelphia wanda ya koma San Francisco a 1862. Wasu sun ce Samuel Bowles ne, editan jaridar Springfield Republican. Wasu kuma sun karkata ga Susan, matar wanta, wadda ta aika wa ɗaruruwan waƙoƙi da wasiƙu. Waƙar ba ta bukatar a warware wannan, ita Dickinson ma ta gargaɗi Higginson cewa mai cewa "ni" a waƙoƙinta ba lalle ita ba ce. Amma akwai abu ɗaya da ke da wuyar kawar da kai daga gare shi. Baitin ƙarshe ya bar masoyan da ƙofa a ɗan buɗe a tsakaninsu, ƙofar da faɗinta ya kai na teku. Shekaru bayan haka, haka matar ta koma rayuwa: baƙi kan zo ta yi musu magana daga bayan ƙofa, kuma da aka yi jana'izar mahaifinta a cikin gidan a 1874, a ɗakinta ta zauna da ƙofa a ɗan buɗe tana saurare.

Hanya mafi sauƙi ta gane cewa duk waɗannan ƙananan abubuwa su ne waƙar ita ce a duba abin da ya faru da aka cire su. A 1890 Higginson da Mabel Loomis Todd suka fitar da littafinta na farko. Sun ga jama'ar zamaninsu ba za su ɗauki wannan rubutu a yadda yake ba, sai suka yi masa kwaskwarima. Waƙarmu suka raɗa mata suna mai ma'anar aikin banza, suna da ya yanke wa mai karatu hukunci tun bai fara ba. Yawancin kararen suka koma waƙafi, manyan baƙaƙen suka ƙanƙance. A rubutun hannunta, baitin ƙarshe ya ɗora kalmar haɗuwa a kan kalmar rabuwa, abu biyu masu karo da juna. A bugun 1890 haɗuwar ta ɓace, saura zama nesa da juna kawai, magana mai ma'ana wadda kowa zai iya faɗi. A ƙarshen waƙar kuma, inda ta bar kara, suka kafa alamar motsin rai. Da wannan alama ɗaya suka sa matar ta yi kururuwar da ta shafe ɗango 49 tana dannewa.

Ba na ganin a yi musu hukunci mai tsanani. Littafin ya karɓu, an buga shi sau 11 cikin shekara biyu, kuma ba don su ba wataƙila da takardun sun ruɓe a akwati. Amma sai da aka yi shekara 65 kafin Johnson ya koma kan rubutun hannunta ya mayar da kararen inda ta sa su. Bugun 1890 shi ne wanda haƙƙin mallakarsa ya daɗe da ƙarewa, don haka yake yawo a intanet da littattafai masu araha. Wanda zai nemi waƙar ya duba ƙarshenta tukuna: in ya ga alamar motsin rai, ta Higginson da Todd ce ya samu, sai ya ci gaba da nema.